Susanna Wesley: Uwar da Ta Yi Iyakar Ƙoƙarinta

Karatu: Karin Magana 31:10-31, Markus 14:3-9, 2 Timoti 1:3-7

'Yar'uwa cikin Almasihu, wataƙila kina karanta wannan shafi ne da asuba kafin yara su tashi, ko kuwa da dare bayan kin gama wanke-wanke, baya yana ciwo. Kin san bakin mutane. In kin fita neman abin da za a ci, a ce kin bar yara suna yawo a unguwa. In kin zauna a gida, a ce kin bar wa mijinki kaya shi kaɗai. In yaro ya yi kirki, ɗan babansa ne. In ya lalace, sai a tambayi wace ce uwarsa. Har a majami'a ma, akwai ranar da za a karanta Karin Magana 31 don a girmama iyaye mata, amma wata uwa ta koma gida da nauyin zuciya fiye da wanda ta zo da shi, domin ta auna kanta da matar da aka karanta, ta ga ba ta kai ba.

A irin wannan rana ne aka fi kiran sunan Susanna Wesley, mahaifiyar John Wesley da Charles Wesley. Akan ce ta haifi 'ya'ya 19, ta koyar da su da kanta, biyu daga cikinsu kuma suka girgiza ƙasar Ingila da bishara. Duk wannan gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan. Sauran rabin cike yake da bashi, da gobara, da kaburburan jarirai, da miji wanda sau da yawa ba ya gida. Ki karanta shi duka, domin a cikin wannan rabin da ba a cika faɗa ba ne za ki sami ƙarfafawa. Kai ma ɗan'uwa, kada ka tsallake shafin nan kana cewa na mata ne. Akwai rabonka a ciki.

Tasowarta

An haifi Susanna a birnin Landan a watan Janairu na 1669. Mahaifinta, Dokta Samuel Annesley, sanannen mai wa'azi ne daga cikin waɗanda suka ƙi bin tsarin Ikkilisiyar Ingila. Gidansu babban gida ne, ita ce kuma auta. A zamanin da ba a damu da karatun 'ya mace ba, mahaifinta ya bar ta ta karanta littattafansa, ta saurari muhawarar manyan malamai da suke zuwa gidan. Tun ba ta cika shekara 13 ba, ta auna hujjojin ɓangarorin biyu da kanta, ta bar ɗarikar mahaifinta ta shiga Ikkilisiyar Ingila. Tun tana ƙarama kuma ta kafa wa kanta doka cewa lokacin da za ta ba wasa a rana ba zai fi wanda za ta ba Allah ba.

A 1688, tana da shekara 19, ta auri Samuel Wesley, saurayi mai ilimi da son rubuce-rubuce, wanda ya zama fasto. Bayan sun yi hidima a wani ƙaramin ƙauye mai suna South Ormsby, suka koma Epworth, wani gari a yankin fadama a gundumar Lincolnshire. A nan Susanna ta yi kusan shekara 40 na rayuwarta.

Kayan da ta ɗauka

Daga 1690 zuwa 1709 ta haifi 'ya'ya 19. Ki lissafa da kanki: kusan shekara 20 ke nan tana tsakanin ciki da goyo. Tara daga cikinsu sun rasu tun suna jarirai. Goma ne suka girma, maza uku, mata bakwai. Ita kanta ba mai cikakkiyar lafiya ba ce, ta sha kwanciya.

Kada ki ɗauka aikinta reno da girki ne kawai. Gidan fasto a wancan zamani yana tafe da gona da dabbobi, kuma wani ɓangare na abin da fasto yake samu yana fitowa ne daga gonar da zakkar da mutanen gari suke bayarwa. Samuel mutum ne mai tsoron Allah, mai ƙwazon wa'azi, amma bai iya riƙon kuɗi ba. Ya shiga Epworth da bashi, ya mutu da bashi. Shekaru masu yawa ya kashe yana rubuta babban littafi a kan Ayuba, yana kuma tafiya Landan taron shugabannin ikkilisiya, ya yi watanni a can. Duk lokacin da ba ya nan, gona, da shanu, da lissafin kuɗi, da masu bin bashi, da makarantar yara, a kan Susanna suke sauka. Da a yau take, da mun ce mace ce mai aiki uku.

Zaman auren ma bai rasa tangarɗa ba. Wajen 1702, Samuel ya lura matarsa ba ta cewa amin in ya yi addu'a domin Sarki William, domin ita a ganinta ba shi ne ya cancanci gadon sarautar ba. A kan wannan ya yi fushi ya bar gida, ya bar ta da yara har tsawon watanni. A wannan shekara sarkin ya rasu, wuta kuma ta cinye wani sashe na gidansu, sa'an nan Samuel ya dawo suka shirya. A watan Yuni na 1703 aka haifi John. Dubi ikon Allah: yaron da zai yi wa dubban mutane wa'azin sulhu da Allah, bayan sulhun iyayensa aka haife shi.

Shekarar 1705 ta fi tsanani. An yi zaɓe, Samuel ya goyi bayan 'yan takarar da mutanen yankin da yawa ba sa so. Taron masu fushi suka kwana suna ihu da harbe-harbe a ƙofar gidan, alhali Susanna tana jego. Matar da take renon jaririn ta kasa barci saboda hayaniyar, da barci ya ɗauke ta daga baya sai ta danne yaron, ya mutu. Ba a daɗe ba aka kama Samuel saboda bashin da bai kai fam 30 ba, aka kulle shi a kurkukun Lincoln na tsawon watanni. Yana can aka sassoke shanunsu, waɗanda da nononsu ake ciyar da yara. Susanna ta cire zobbanta ta aika masa don ya sayar ya sami abinci, shi kuwa ya mayar mata da su. Babban Bishop na York, John Sharp, ya taɓa tambayarta ko sun taɓa rasa abinci ƙaƙaf. Amsar da ta bayar ita ce ba su taɓa rasawa ba, sai dai wahalar samo shi da wahalar biyan kuɗinsa bayan an ci ta kusa kai zafin rashinsa. Duk uwar da ta taɓa karɓo awo bashi a shago ta san abin da take nufi.

A daren 9 ga Fabrairu 1709 gobara ta biyu ta tashi, ta cinye gidan ƙurmus. Susanna tana da tsohon ciki, ta ratsa wuta ta fita da ƙuna a jikinta. Da aka ƙirga yara sai aka ga babu John, mai shekara biyar. Mahaifinsa ya yi ƙoƙarin hawa bene, wuta ta kore shi, ya durƙusa ya miƙa ran yaron ga Allah. Sai aka hango John a taga. Babu lokacin neman tsani, sai wani mutum ya hau kafaɗar wani ya sauko da shi, nan take rufin ya rufta. John bai manta da wannan dare ba har tsufansa, yakan kwatanta kansa da itacen da aka fizge daga wuta, kamar yadda aka kwatanta Yoshuwa babban firist a Zakariya 3:2. Littattafai, da takardu, da tufafi, duk sun tafi. Wata guda bayan haka Susanna ta haifi autarta, Kezia.

Yadda ta raba lokacinta

To, yaya mace mai wannan kaya ta yi reno? Mun san amsar domin a 1732 John ya roƙe ta ta rubuta masa yadda ta tarbiyyantar da su, ta kuwa rubuta.

Abu na farko shi ne tsari. Barci da lokacinsa, abinci da lokacinsa, ba a ciye-ciye tsakanin abinci sai ga marar lafiya. Da yaro ya fara magana za a koya masa Addu'ar Ubangiji, ya yi ta safe da dare. Ba a fara wa yaro karatu sai ya cika shekara biyar. Ranar da zai fara, sai ta kimtsa aikin gida tun jiya, ta ba kowa nasa, ta ce kada a shigo mata. A wannan rana ɗaya yaron zai koyi haruffa duka, kuma duk sun iya a rana ɗaya in ban da mata biyu da suka ɗauki yini ɗaya da rabi. Daga nan sai Farawa sura ta fari, aya bayan aya. Makarantar gidan awa shida ce kullum, daga ƙarfe 9 zuwa 12, sa'an nan daga 2 zuwa 5. Ta kuma kafa doka cewa ba za a koya wa 'ya mace ɗinki ba sai ta iya karatu sosai, domin ta lura sa yara mata aikin hannu da wuri shi ne yake hana mata da yawa iya karatu. Ki tuna, fiye da shekara 290 ke nan da ta rubuta wannan.

Abu na biyu shi ne adalci. An san Susanna da tsanani, kuma gaskiya ne ta yi amfani da bulala tun yara suna ƙanana ƙwarai, yadda aka saba a zamaninta. Ba duk abin da ta yi ne za mu kwafa ba, Afisawa 6:4 da Kolosiyawa 3:21 sun gargaɗi iyaye kada su tsokani 'ya'yansu har su karai. Amma dubi sauran dokokinta. Ta lura tsoron duka ne yake koya wa yara ƙarya, saboda haka duk yaron da ya amsa laifinsa ya yi alkawarin gyarawa, ba a dukansa. Ba a hukunta yaro sau biyu a kan laifi ɗaya, ba a kuma yi masa gori da shi daga baya. In yaro ya yi abu da niyyar faranta rai amma bai yi daidai ba, a karɓa da fara'a a nuna masa yadda zai gyara. In an yi wa yaro alkawari, dole a cika. Abin da yake na yaro nasa ne, ko da allura ce, ba mai ƙwace masa. Yawancin waɗannan ba sa cin kuɗi, ba sa kuma cin lokaci. Uwar da take fita tun safe ma tana iya riƙe su.

Abu na uku, ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Wannan ne masu ba da labarinta suka fi mantawa. Duk da talaucinsu, akwai masu aiki da masu reno a gidan, kamar yadda aka saba a gidajen fastoci na lokacin. A daren gobara ma mai reno ce ta fita da Charles a hannunta. Bayan gobarar, dole aka rarraba yaran gidajen dangi da maƙwabta har aka sake gina gida. Da suka dawo ta tarar sun kwaso halaye da maganganun da ba ta koya musu ba. Ba ta zauna tana kuka a kan abin da ya wuce ba, ta sake farawa. A nan ne ta ƙirƙiro wani tsari: babban yaro ya ɗauki ƙarami, mai bi masa ya ɗauki na gaba, su keɓe su karanta Zabura da sura ɗaya tare, safe da yamma. Ta haka yayye suka zama malaman ƙannensu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, Susanna kuwa ba ta ji kunyar neman hannu na biyu ba.

Abu na huɗu shi ne wanda na fi so ki riƙe. Ta ga cewa a cikin taron yara, yaro yana iya ɓacewa ko da yana gaban uwarsa kullum. Sai ta ba kowane ɗa darensa. Litinin na Molly, Talata na Hetty, Laraba na Nancy, Alhamis na John, Jumma'a na Patty, Asabar na Charles, Lahadi kuma na Emily da Sukey tare. Ba dogon lokaci ba ne, abin da ta iya samu ne bayan aikin yini. Takan zauna da yaron shi kaɗai, ta ji abin da yake damunsa, ta yi masa magana a kan ransa. Shekara 20 bayan haka, John yana malami a jami'ar Oxford, ya rubuto mata yana roƙo ta ci gaba da ba shi wannan ɗan lokaci na daren Alhamis, ta yi masa addu'a a cikinsa. Bai tuna mata da tufafin da ta ɗinka masa ba, ko abincin da ta dafa. Daren Alhamis ya tuna.

A ƙarƙashin duk wannan akwai lokacinta da Allah. Takan keɓe safe da yamma don addu'a da nazari, tana rubuta abin da take tunani a kai. Ta rubuta wa 'ya'yanta bayani a kan Shaidar Bangaskiya ta Manzanni da Dokoki Goma, ta kuma bi waɗanda suke nesa da wasiƙu masu zurfi. Rijiyar da ake ɗiba kullum, in ba ta da idon ruwa, ƙafewa take yi.

Sujada a ɗakin girki

A lokacin sanyi na 1711 zuwa 1712, Samuel ya sake tafiya Landan taro. Mataimakin da ya bari, mai suna Inman, wa'azinsa bai cika wuce biyan bashi ba, kuma babu sujadar yamma. A wannan lokaci Emily ta samo wani littafi a ɗakin karatun mahaifinta, labarin masu mishan biyu da sarkin Denmak ya aika zuwa kudancin Indiya. Labarin ya kama zuciyar Susanna ƙwarai. Ta yi tunani cewa ko da yake ita ba namiji ba ce, ba kuma fasto ba, akwai abin da za ta iya yi fiye da wanda take yi, kuma za ta fara da 'ya'yanta.

Sai ta fara tara yara da masu aikin gida kowace Lahadi da yamma. Su rera Zabura, ta karanta musu wa'azi mai kyau daga littattafan da suke gidan, su yi addu'a. Masu aiki suka gaya wa iyayensu, iyaye suka gaya wa maƙwabta, har taron ya haura mutum 200, wasu suna komawa don rashin wuri. Inman ya rubuta wa Samuel ƙara, Samuel kuma ya rubuto wa matarsa yana nuna damuwa a kan abin da mutane za su ce.

Amsarta ta nuna irin matar da take. Ta yi masa magana da ladabi, amma ba ta ɓoye gaskiya ba. Ta nuna masa cewa in ba ya nan, rayukan da suke gidan amana ce a hannunta wadda za ta ba da lissafinta ga Allah. Ta nuna masa cewa mutanen da dā ba sa zuwa majami'a yanzu suna zuwa, maƙwabtan da dā suke gāba da gidan kuma yanzu sun zama abokai. Ta ce in yana so a daina, kada ya ce shawara yake bayarwa, ya ba da umarni a fili, za ta yi biyayya, amma alhakin rayukan nan ya koma wuyansa a ranar shari'a. Samuel bai ba da umarnin ba. Taron ya ci gaba har ya dawo. John yana da shekara takwas a lokacin, yana zaune yana kallo.

Abin da ya gani bai ɓace ba. Shekaru da yawa bayan haka, wani saurayi mai suna Thomas Maxfield, wanda ba a naɗa shi fasto ba, ya fara wa'azi a Landan. John ya dawo da sauri don ya hana shi. Mahaifiyarsa, tsohuwa a lokacin, ta gargaɗe shi ya yi hankali, domin Allah ne ya kira saurayin kamar yadda ya kira shi John, ta ce ya saurare shi tukuna. John ya saurara, ya yarda. Daga nan ƙofa ta buɗe wa ɗaruruwan masu wa'azi da ba su da rigar fasto, waɗanda suka kai bishara ga masu haƙar gawayi da leburori a ko'ina cikin Ingila.

'Ya'yan da ba a cika ambata ba

Yanzu ga abin da ya kamata kowace uwa mai zargin kanta ta ji. Matar nan da ake kira abin koyi, ba duk 'ya'yanta ne suka sami rayuwa mai daɗi ba. Hetty, wadda ta fi su kaifin basira, ta yi ciki kafin aure, aka aurar da ita ga wani mashayi, 'ya'yanta suka yi ta mutuwa suna jarirai, kuma mahaifinta ya daɗe bai yafe mata ba. Sukey ta auri mutum mai zafin hali har ta kai ga barin gidansa. Patty ta auri fasto wanda daga baya ya lalace da neman mata. Emily ta sha talauci a gidan mijinta. Molly, wadda take da naƙasa tun tana ƙarama, ta rasu wajen haihuwa a 1734. Babban ɗanta Samuel ya rasu a 1739, auta Kezia kuma a 1741, duk tana raye tana gani.

Gida ɗaya, uwa ɗaya, makaranta ɗaya, addu'a ɗaya. Hausawa sun ce ka haifi ɗa ba ka haifi halinsa ba, kuma ba ka haifi halin wanda zai aura ba. Sama'ila annabi ne, amma 'ya'yansa ba su bi sawunsa ba, kamar yadda 1 Sama'ila 8 ta nuna. Uwa tana shuka, tana ban ruwa, Allah ne mai sa girma. Wanda ya ɗora wa uwa alhakin duk abin da ɗanta ya zama, ya ɗora mata kayan da Allah bai ɗora mata ba.

Kwanakinta na ƙarshe

Samuel ya rasu a watan Afrilu na 1735. Gidan na ikkilisiya ne, dole ta fita, ba ta da abin kanta. Ta yi ta zama daga gidan wannan ɗa zuwa na wancan. A shekarar nan aka nemi John da Charles su tafi aikin mishan a Jojiya ta Amurka. John ya yi shakkar barin gwauruwar uwa, amma ita ta sake su da farin ciki, ta nuna cewa ko 'ya'ya maza 20 gare ta za ta so su yi wannan aiki, ko da ba za ta sake ganinsu ba.

A watan Mayu na 1738, Charles da John suka sami tabbacin ceto, kwana uku tsakaninsu. Na Charles ya zo ne a ranar Fentikos. Sai ga abin mamaki: a 1739, Susanna tana da shekara 70, tana karɓar ƙoƙon Jibin Ubangiji, kalmomin da suke cewa an zubar da jinin Almasihu dominta suka soki zuciyarta, ta gaya wa John cewa a lokacin ta san Allah ya gafarta mata zunubanta duka saboda Almasihu. Ki yi tunani a kan wannan. Mace mai addu'a tun ƙuruciya, mai koyar da Maganar Allah, mai tsari da horo, amma hutun zuciyarta bai fito daga yawan aikinta ba. Ruhu Mai Tsarki ne ya shaida wa ruhunta, kamar yadda Romawa 8:16 ta koya mana.

Ta ƙare kwanakinta a Landan, a ɗakin da yake haɗe da wurin sujadar John, wani tsohon gidan ƙera bindigogi da aka gyara. Ta rasu ranar 23 ga Yuli 1742 tana da shekara 73. Roƙonta na ƙarshe shi ne da zarar ta huta, 'ya'yanta su rera Zabura ta yabo ga Allah, suka kuwa yi. Aka binne ta a maƙabartar Bunhill Fields, John ya yi wa'azi a bakin kabarin.

Ba ta ga ƙarshen abin da ta shuka ba. Charles ya rubuta waƙoƙin yabo fiye da 6,000. John ya yi fiye da shekara 50 yana zagaya ƙasa a kan doki yana wa'azi. A 1842, shekara 100 cif bayan rasuwarta, mai mishan na Metodis, Thomas Birch Freeman, ya sauka a Badagry. Koyarwar John a kan tsarkin rai kuma ita ce ta haifi ƙungiyoyin tsarki a Amurka, daga cikinsu ne farkawar Fentikos ta titin Azusa ta ɓullo a 1906. Saboda haka mu ma muna sha daga rijiyar da aka fara haƙa a ɗakin girki na Epworth.

Abin da za ki ɗauka

'Yar'uwa, Allah bai kira ki ki zama Susanna Wesley ba. Ita makarantarta tana cikin gidanta, ke wataƙila aikinki yana kasuwa, ko gona, ko asibiti, ko aji, ko ofis. Fita neman halal ba zunubi ba ne. Matar Karin Magana 31 tana sayen gona, tana saƙa tana sayarwa, tana kuma da barori mata da suke taya ta. Lidiya 'yar kasuwa ce, Bilkisu tana ɗinkin tanti tare da mijinta Akila. Wadda kuma ta zauna a gida don reno, ita ma aiki take yi, kada kowa ya rena ta.

Abin da za ki iya ɗauka shi ne wannan. Ba ki da awa shida, amma kina da dare bakwai a mako. Ba kowane ɗa nasa, ko da minti 15 ne, ki ajiye waya, ki ji bakinsa, ki ɗora masa hannu ki yi addu'a. Maimaitawar Shari'a 6:7 ta nuna cewa koyar da yara yana faruwa a zaune, da a hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi, wato a cikin hidimar yau da kullum. Cika alkawarin da kika yi wa yaro. Karɓi taimako ba tare da jin kunya ba. In tsarin ya rushe saboda ciwo, ko tafiya, ko rashi, ki sake farawa kamar yadda ta yi bayan gobara. Kada kuma ki bar lokacinki da Ubangiji ya zama abin da ya rage bayan kowa ya ɗiba.

Ɗan'uwa, rabin wahalar Susanna daga bashin mijinta da rashin zamansa a gida ta fito, kuma shi bawan Allah ne. Hidima ba ta ɗauke maka nauyin gidanka ba, 1 Timoti 5:8 ta yi magana mai zafi a kan wannan. Umarnin renon yara cikin horon Ubangiji a Afisawa 6:4 kuwa, ubanni aka kira da suna. Ka ɗauki naka daren. Ku kuma dattawa da Zumuntar Mata, kafin ku yi maganar uwar da ta makara zuwa sujada ko wadda ɗanta ya bauɗe, ku tambaya wa yake taya ta.

Sa'ad da mutane suka yi gunaguni a kan matar da ta zuba wa Yesu turare a Betanya, Ubangiji ya tsaya mata, ya shaida cewa ta yi abin da take iyawa. Da wannan ma'auni zai auna ki.

Addu'a

Ya Uba na sama, mun gode maka domin baiwarka Susanna da dukan iyaye mata da suka yi maka hidima a ɓoye. Ka dubi kowace uwa da ta gaji, ka sabunta ƙarfinta ta wurin Ruhu Mai Tsarki. Ka cire mata kayan zargi da ba kai ka ɗora mata ba. Ka ba ta hikimar raba lokacinta, ka sa albarka a aikin hannunta, ka tayar mata da masu taimako. Ka juyo da zukatan ubanni zuwa ga 'ya'yansu. 'Ya'yanmu da suka yi nisa, ka fizge su daga wuta, ka maido su gida. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Abin yi a wannan mako: Rubuta sunayen yaran da suke hannunki, naki da na riƙo, ki sa wa kowanne rana. Ki nuna wa maigida takardar, ku raba ranakun tare.